Sunan da Inna Ta Faɗa a Mandera

Da sunan Allah nake farawa, kuma Shi nake roƙo Ya tsare alƙalamina daga ƙara abin da bai faru ba, ko rage abin da ya faru. Kafin in shiga wannan babi, ya wajaba in bayyana inda na samo abin da zan faɗa. Wani sashe na gani da idona. Wani sashe kunnena ne kawai ya ji daga bayan zana, ban ga fuskokin masu maganar ba. Sauran na tattaro shi ne daga bakin ƙanwata Hajara, da mahaifina, da Baffa Isa wanda ya riƙe ni a Bodinga, kuma duk inda suka saɓa wa juna zan faɗa. Game da lokaci, na tabbata da bazara ce, a shekarar da aka yi zaɓe na biyu na mulkin farar hula, kafin a kama azumi. Baffa ya dage cewa bayan salla ne, amma ina jin ya haɗa shi da wata tafiyar. Rana da wata ban riƙe ba, don haka ba zan sa ba. Mutum ɗaya ce ban tambaya ba, ita ce kuwa wadda labarin ya fi shafa, kuma mai karatu zai ga dalili.

Abin da ya sa nake rubutun nan tun ban tsufa ba shi ne, na ji an fara gaya wa Nasiru, ɗan Hajara, cewa kawunsa likita ne ya tashe shi daga ciwon da ya kusa tafiya da shi. Ni ba likita ba ne, kuma ba hannuna ne ya ba shi ruwa ba. Ina so shi da 'yata, wadda aka haifa bara, su sami maganar yadda take.

Ni ɗan fari ne. A gidanmu na Danchadi, kamar yadda yake a gidajen da ke kewaye da mu, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Wannan ita ce kunya, kuma ana auna mutuncin mace da ita. Da aka yaye ni aka kai ni Bodinga wurin Baffa Isa, tela ne a bakin kasuwa, a can na yi makarantar allo da ta boko. Idan na zo hutu, na durƙusa na gaishe da Inna, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In za ta ba ni fura sai ta ce wa Hajara, a miƙa wa na Bodinga. Sunana ke nan a bakinta: na Bodinga. In na shiga tsakar gida ta shiga ɗaki, in na zauna inuwar rumbu ta koma madafa. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, domin haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Amma zan yi ƙarya in na ce ban taɓa tunanin yadda sunana zai fito a muryarta ba.

Lokacin da na sami shiga jami'a, mahaifina ya riga ya gama tsara mini rayuwa. A shekarun nan duk wanda ya fito da digiri ana jiransa da ofis da mota, kuma ya ga 'ya'yan wasu sun dawo ƙasarmu da direba. Shi alƙali yake so in zama, in hakan ta gagara, to babban jami'in mulki. Ni kuwa a shekarata ta farko na zauna darasin wani malami a tsangayar ilimi, dattijo siriri mai magana a hankali, wanda ke koyar da ilimin kiwon lafiyar jama'a. Darasin na haɗaka ne, akwai masu karatun koyarwa, da masu nazarin lafiyar al'umma, da masu koyon aikin jin daɗin jama'a. Ya nuna mana yadda yaro ke mutuwa da gudawa, ya ce ba cutar ce kan kashe shi ba, ƙarewar ruwan jikinsa ce, kuma ana iya mayar da ruwan nan ta baki, da abin da ke cikin kowace madafa. Na tuna ƙannena biyu da aka binne suna ƙanana, duk da bazara, duk bayan an ce haƙori ne. Ban san cewa ilimi yana iya zama ƙarami haka kuma mai girma haka ba. Ba zan iya kawo kalmomin malamin daidai ba, amma ma'anarsu ita ce: aikinmu ba warkarwa ba ne, aikinmu shi ne abin da muka sani ya isa hannun wadda ke riƙe da yaron. A makon nan na nemi a mayar da ni sashensa.

Da na gaya wa mahaifina, ya daɗe yana gyara igiyar guga bai ɗago ba, sannan ya tambaye ni ko zan riƙa yin allura. Na ce a'a. Ya tambaya ko zan riƙa ba da ƙwaya. Na ce a'a, koyar da mutane zan riƙa yi.

"To, malami ne kai ko likita?"

Na ce tsakaninsu nake.

"Tsakani ba wurin zama ba ne, Haliru," in ji shi. "Mun aika ka ka ɗauko doki, ka komo muna da baki."

Bai hana ni ba, amma daga ranar ya daina ambaton karatuna a majalisa, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da faɗa.

A sashenmu ana tilasta wa ɗalibi ya iya faɗin darasinsa da harshen mutanensa, ba tare da takarda ba. Saboda haka duk hutun da na zo Danchadi, nakan tsaya bayan gida da hantsi, kusa da turken awaki, inda zana ta raba ni da madafa, in yi ta maimaita jawabina da ƙarfi. A tafasa ruwa ya huce. A sa sukari, a sa ɗan gishiri, a ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali. In ya yi amai a dakata jim kaɗan a ci gaba, kada a gaji. In ya yi fitsari, ruwa ya fara komawa jikinsa. Mahaifina in ya dawo daga fadama ya same ni haka, sai ya ce wa duk wanda ke kusa ga malamin awaki nan yana wa'azi, a yi shiru kada tunkiya ta rasa karatu. Sunan ya bi ni har kasuwa.

A shekarata ta ƙarshe aka tura mu aikin gwaji cikin karkara, ni na faɗo yankin Shagari, na kuma roƙa a bar ni in zauna Mandera, inda Hajara ke aure. Shekara ce mai tsanani. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rijiyoyi sun ja baya, gwamnati ta shelanta tsuke bakin aljihu, sabulu da madara da sukari suka ɓace daga kantuna. Samari da yawa sun tafi cin rani, har da mijin Hajara. Na yi ta zama da magidanta a zauruka ina bayani, suna saurare cikin ladabi, suna sa mini albarka, amma na lura maganar ba ta wuce zaure. Ni namiji ne, ba na shiga gidajen mutane, yaran kuwa suna ciki.

Wata safiya na shiga gaishe da Hajara. Na tambaye ta yara, ta ce lafiya lau, ta ci gaba da sheƙar gero, sai dai na ga geron yana zuba gefen faifai, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Nasiru ɗanta ne na fari, ba a daɗe da yaye shi ba, kuma bisa al'ada yana hannun kakarsa ta wajen uba, Gwaggo Tumba. Hajara ba ta da bakin cewa ɗanta ba shi da lafiya. Na nemi izini na leƙa ɗakin Gwaggo. Yaron na kwance a cinyarta, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe, yana buɗe baki kamar mai kuka amma babu hawaye. Na ɗan ja fatar cikinsa, ta tsaya yadda na ja ta. Gwaggo ta ce tun shekaranjiya yake gudawa, zafin yaye ne da haƙori, kuma ta tsare shi daga ruwa don kada cikin ya ƙara gudu.

Ina so a fahimci cewa Gwaggo Tumba ba muguwa ba ce. Ta kwana biyu ba ta ajiye yaron ba, tana kiransa maigidana, kamar yadda kakanni ke wasa da jikokinsu, kuma abin da take yi shi ta gada daga waɗanda suka raine ta. Na durƙusa na yi mata bayani da duk ladabin da na iya. Ta saurare ni har na gama.

"Ɗan nan, Allah shi yi ma albarka," ta ce. "Tulu na yoyo, kai kau ka ce a ƙara mai ruwa? Ka yi aure tukuna, ka ga yaye guda, sannan mu yi magana. Tahi zaure a kawo ma fura."

Na sami maigidan, mijin Gwaggo, tsoho ne mai sanyin hali, ya ce wannan sha'anin mata ne, shi dai ya sa an yi rubutu. Na ari keke na nufi Shagari. Ma'aikacin lafiyar da na samu a can ya buɗe mini kabad ya nuna mini babu ruwan ƙari ko leda ɗaya, ya ce sai dai Sakkwato. Na san ba za a ba ni yaron in kai shi Sakkwato ba, kuma ban tabbata zai kai ba ko da an ba ni. Na bi masu tireda ina neman sukari, kowa ya ce rabonsa da shi an daɗe. Na juyo cikin rana da hannu wofi. A hanyar nan na tuna maganar mahaifina, na ce a raina lalle da baki kawai na komo, bakin ma ba mai jin sa.

Bayan azahar na iso. A ƙofar shiga cikin gida na ga wasu takalma da na sani, da ƙwarya mai ɗinki a gefe wadda tun ina yaro nake ganinta. Inna ce. Hajara ta gaya mini daga baya cewa ita ta aika, ta bakin wata mai sayar da daddawa, cewa a gaya wa Inna mijinta na Mandera, wato Nasiru, ba ya jin daɗi. Iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa ke nan. Yadda Inna ta zo ban tabbatar ba. Mahaifina ya ce motar 'yan kasuwa ta shiga, Hajara ta ce ƙafafunta sun nuna ta yi tafiyar ƙasa mai nisa. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne. Ban shiga ba, domin na san in na shiga za ta yi shiru ta kau da kai. Sai na zagaya na tsaya bayan zanar da ke jikin ɗakin Gwaggo.

Na ji sun gama gaisuwar surukai, doguwa, kowace tana girmama 'yar'uwarta. Na ji Inna ta yi wasa, ta ce ta zo ganin mijin da aka ƙwace mata, ashe ba a iya riƙon miji a Mandera. Gwaggo ta yi 'yar dariya ta gajiya. Sannan muryar Inna ta sauya. Ta ce wa Hajara ta ɗora ruwa ya tafasa ya huce. Na ji ƙarar kwali ana kwance shi daga ƙulli. Ta ce a sa sukari, a sa ɗan gishiri.

"A ɗanɗana," ta ce, "kada shi fi hawaye gishiri."

Na dafa ginshiƙin zanar. Maganata ce, da tsarinta, har inda nake jan numfashi. Kwalin sukarin kuwa, Hajara ta tabbatar mini, shi ne wanda na kai gida tsaraba tun hutun da ya wuce. Na ɗauka an sha shi a koko tuntuni. Ashe ajiye shi ta yi cikin tukunya, ta hana kowa.

Gwaggo ta ce wannan ai maganar ɗazu ce aka sake kawo mata da wata murya, kuma ita ba za ta ɗura wa jikanta ruwa ya ƙarasa ba. Ta ce in magani ne, to magani yana da mai shi. A faɗa mata wanda ya ce, don ta san wanda za ta riƙe in abin ya ɓaci.

"Na Bodinga yac ce," in ji Inna.

"Bodinga gari ne, cike da mutane," in ji Gwaggo. "Wane daga ciki?"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da Gwaggo ta yi. Ta rufe maganar ne cikin ladabi. Ta san Inna ba za ta iya amsawa ba, a gidan surukai, gaban 'yarta da matan gida da suka taru. Ina jin numfashin yaron, gajere-gajere.

"Haliru," Inna ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Ɗana Haliru. Shi yak karanta, ni kau na ji. In abin ya ɓaci, ni za ki riƙe."

Wata mata ta yi salati a hankali. Hajara ta ce ita rufe fuskarta ta yi da gyale. Ta ce Gwaggo ta daɗe tana duban Inna, sannan ta ɗago yaron da hannu biyu ta aza mata a cinya. Na yi ta tunanin wannan. Hujjata ba ta motsa Gwaggo ba, kuma hujjar Inna ita ce tawa, ba ƙari. Abin da ya motsa ta shi ne ta ga mace irinta ta ajiye abin da ta tsare tun tana amarya, ta san ba a yin haka don wasa.

Na zauna a ƙasa bayan zanar har la'asar ta yi sanyi. Ina jin cokali yana taɓa kwano. Yaron ya yi amai, matan suka fara gunaguni, Inna ta ce a dakata jim kaɗan, kada a gaji. Ta ci gaba. Da hannunta ya gaji, Gwaggo da kanta ta karɓi cokalin. Gab da magariba na ji Inna ta yi dariya, abin da ban cika ji ba.

"Kun gani? Maigida ya jiƙa min zane. Wanga miji bai da ta ido."

Gwaggo ta ce ai alamar ya fi son ta Mandera ce, shi ya sa ya ɓata na baƙuwa. Sai yaron ya fashe da kuka, Hajara ta ce da hawaye sharkaf. Washegari ya karɓi kunu.

A nan dole in yi taka-tsantsan. Allah ne Mai warkarwa. An ba yaron rubutu, an yi masa addu'a, kuma ban da ikon rarrabe rabon kowane sababi. Abin da na karanta ya nuna mini ruwan nan ne ya mayar masa da abin da ya rasa, a kan haka na tsaya. Na kuma san an rasa wasu yara a yankin a bazarar nan. Ba ni da adadinsu, ba zan ƙirƙira ba. Abin da na shaida shi ne, kafin in bar Mandera, matan unguwar sun fara zuwa wurin Gwaggo Tumba tana nuna musu yadda ake ɗanɗanawa, inda babu sukari a nemi mazarƙwaila. Abin da na kasa fitarwa daga zaure ya shiga ɗakuna ba tare da ni ba.

Inna ta biya kuɗin maganarta da abin da ya fi kuɗi. Labari ya riga ta isa Danchadi. Hajara ta ce an daɗe ana yi mata shaguɓe a wurin biki da suna, ana cewa a tambayi wance sunan ɗanta, ai ta iya. Wata yayar mahaifina ta yi fushi ƙwarai, ta ce an zubar da mutuncin gida a idon surukai. Inna ta ɗauke ƙafa daga taron mata har aka yi girbi. Mahaifina bai tsawata mata ba, bai kuma yabe ta ba. Ni dai da na zo gida, ya same ni kusa da turke, ya tsaya yana duban zanar madafa, sannan ya ce:

"Ashe ba awaki kaɗai ka saurare ba."

Bai ƙara kirana malamin awaki ba. Dokin da ya aike ni ɗaukowa kuwa har yau ban kawo ba. Na gama karatu, sojoji suka karɓi mulki, aka dakatar da ɗaukar ma'aikata, na daɗe ina taya Baffa sa maɓalli a shago kafin in sami aikin koyarwa da nake yi yanzu. Ban yi nadama ba.

Ranar da Inna za ta bar Mandera na durƙusa na yi mata sallama. Ta kau da kai ta amsa wa bango, ta ce wa Hajara a gaya wa na Bodinga rana ta yi, ya sa hula. Daga ranar nan zuwa yau ba ta sake faɗin sunana ba, ni ma ban sa rai ba. Yanzu ina ganin matata tana kau da kai in an ambaci 'yarmu a gaban mutane, sai in rasa abin da zan ce mata, domin ban ƙara sanin abin da ke bayan irin wannan shirun ba.

Na koma bayan gidanmu na Danchadi na tsaya inda nake tsayawa, na duba tazarar da ke tsakanin turke da madafa. Murya tana kaiwa, in mai daka ta tsayar da taɓarya. Ina jin kamar na tuna dakan yana tsayawa in na fara magana, amma ban amince da wannan tunawar ba, domin bayan abin ya faru ta zo mini. Hajara ta ce ba ta lura ba. Wadda ta sani tana nan da ranta, lafiyarta lau, tafiyar da ba ta kai yini ba tsakanina da ita, kuma ba ni da hanyar da zan tambaye ta. Tun yaushe Inna take saurarena ta bayan zanar nan, kuma maganin take saurare, ko muryata?